Batiran Kunkuru

Lahadi, bayan la'asar, farkon watan Safar

Mun iso Sabon Birni, mu uku, ni da matata Habi da yarinya, da ranmu. Wannan kawai za ni rubuta a kan hanya, sauran ba na son taɓa shi.

Ɗanmusa, taubashina, ya buɗe mana garejin da yake ajiye motarsa ta kaya, na shigo da Kunkuru na tsayar a gindin bango. Kunkuru motata ce, tsohuwar bas mai ɗaki a ciki: gado, benci, ɗan firji, da sola guda a kan rufi. Wasu Nasara 'yan yawon duniya ta mace wa a Maraɗi, na sayo gawarta na tayar. Shekara da shekaru mutanen Burkusuma na yi mini dariya, wai Maliki mai wayarin mota ya sayi gida mai taya don kada a ci shi haya. To yau a cikinta za mu kwana, masu dariyar kuwa wasunsu na rumfar makaranta. Ban ji daɗin gaskiyar tawa ba ko kaɗan.

Ɗanmusa na ganina ya ce, "A'a, kunkuru ya taho da gidanai. Mi aka ba kunkuru, ganye ko tuwo?" Na ce tuwo, da miyar da ta fi ƙarfin aljihunsa. Muka yi dariya, sai kuma kowa ya kau da kai.

Yarinyar ta yi allurar yamma. Firji na gurnani.

Litinin, da hantsi

Firji ya yi shiru tun kafin kiran asuba.

Na ɗaga benci na duba. Kunkuru batir iri biyu gare ta: na inji yana gaba, aikinsa tayar da mota kawai, sai na ɗaki guda biyu a ƙarƙashin benci. Sola ta ba su wuta da rana, su kuma su riƙe firji har gari ya waye. Sun tsufa, na san sun tsufa tun bara, ina ta cewa sai bayan kaka. Ɗaya ma ya yi tumbi kamar mai unguwa.

A cikin firjin ba komai sai 'yan kwalabe uku na allurar ciwon suga. Abdulgani, malamin asibitin da ke duba ta a Isa, shi ya ba mu, kuma ya ja mana kunne: wadda aka buɗe za ta iya zama a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, amma waɗanda ba a buɗe ba sai sanyi na gaske, in zafi ya dafa su sun zama ruwan banza. Hanyar Isa kuwa babu wanda ya san ranar da za a sake bin ta.

Maganin na 'yar Yaya ne. Haka muke ce mata, don Yaya Khadijatu ce ta ɗauke ta tun ranar yaye. Amma ni na haife ta, ita ce ta fari gare ni da Habi, shekararta sha bakwai. Innarmu Bafulatana ce ta wajen Tozai, har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan Yaya Khadijatu a bakinta ba, kuma a haka ta rene mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna ana ji da shi a gaban mutane. Habi ma haka gidansu yake. Da can wannan bai dame mu ba, Yaya ce bakinmu, ita ke kai ta asibiti, ita ke faɗa da masu sayar da magani. Ranar da muka gudo daga Burkusuma Yaya ta bi ta arewa ta ƙetara Nijar da waɗanda suka ƙetara, yarinyar kuma tana wurinmu ta zo taya Habi aiki. Shi ke nan, aka bar mu da ita, uwa da uba masu nauyin baki.

Ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta sunan.

Laraba, bayan azahar

Abin nema ya samu. Motar Ɗanmusa ta yi kwantai tun da mai ya ɓace, yau ya buga mata ƙafa ya ce, "Cire batiran ga ka yi aiki da su. Mota ba ta tahiya, ado za su yi mata?" Na ce Allah Ya saka, ya ce in bar godiya, kunkuru bai iya ta ba.

Na rufe sola da tabarma tukuna. Na kwance baƙar waya, sannan ja, na fitar da tsofaffin. Kawunan wayoyin duk sun yi farin gari, na wanke da ruwan kanwa, na kankare da wuƙa har jan ƙarfen ya fito. A motar kaya ana haɗa batiran nan kai da gindi ne don ƙarfin ya ninka, in na yi haka a nan firji ya ƙone nan take. Nawa haɗin ja da ja ne, baƙi da baƙi, sannan na ɗauki ja daga wannan, baƙi daga wancan, don kada ɗaya ya yi ta ɗaukar kaya ɗan'uwansa na barci. Na sa fis dab da kan ja. Baƙar waya ita ce ta ƙarshe, kamar kullum.

Na sani batirin tayar da mota dokin sukuwa ne, ba jakin kaya ba. Bai son a tsotse shi har ƙasa. Amma da babu gara ba daɗi, kuma in firji kaɗai zai ɗauka zai kai mu.

Yarinyar tana zaune a bakin ƙofar mota duk tsawon aikin. Kafin in miƙa hannu ta sa mini sifana mai lamba goma a ciki. Ban san inda ta koyi lambobin ba. Na ce, "Ke, matsa daga rana." Ta matsa.

Firji na gurnani. Ban taɓa jin waƙa mai daɗinsa ba.

Alhamis, da asuba

Ya kwana yana aiki. Alhamdu lillahi.

Asabar, da yamma

Wata maƙwabciyar Ɗanmusa ta yi sallama, Lubna sunanta, da goyo a baya da waya a hannu. Ta tsaya daga nesa ta ce, "Malam, an ce kana da wuta." Masu caji na kasuwa duk janareto gare su, kuma janareto ba ya shan ruwan rijiya. Layinmu an rufe shi, amma in ka hau soro da layin Nijar yakan kama. Mijinta Nasiruddeen yana can, hannun mutanen daji, tun ranar kasuwar da ta wuce. Sun ce za su kira.

Waya ɗaya mece ce? Na karɓa na sa mata. Ta zauna da Habi a gindin bango har wayar ta cika.

Talata, bayan la'asar

Waya ɗaya ta haihu. Yanzu tun da sassafe ake jeruwa a ƙofar gareji. Na yanko wayoyi na ƙara soket har benci ya koma teburin mai caji. Kowa da nasa yana can. Wani ɗa, wani ƙane, wata uwa. Ba mai faɗin inda can ɗin yake, ni ma ba na tambaya.

Ga hadari kullum, ba ruwa ba rana. Abin da sola ke kawowa bai kai abin da ke fita ba, allurar mita na nuna mini haka duk yamma. Firji ya fara yin shiru kafin asuba kuma.

Wani Jabir, mai sayar da kayan babur, mai bakin tsiya, ya leƙa cikin mota ya ce, "Mi ac cikin hirjin ga da ba a kashe shi?" Yarinyar na zaune a gado tana tsefe kai. Bayan Jabir kuma ga Baffa Ibrahima tsaye da sandarsa, dattijo ne cikin dangin Innarmu, ya zo cajin wayar jikansa. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Ruwa na."

Ruwa. Ni Maliki, da gemuna.

Da aka watse Ɗanmusa ya ce, "Kai wane irin mutum na? Hwaɗa musu mana." Na ce ya bar kaza cikin gashinta. Ya ce kazar ce za a fige in na ci gaba.

Laraba, da hantsi

Hadari. Ta yi allura. Firji ɗumi.

Juma'a, bayan an sauko

Kwalba ɗaya ta tafi. Habi ce ta ɗauko za a buɗe, ta juya ta a tafin hannu yadda Abdulgani ya koya mana, sai ga gudaji-gudaji manne a jikin gilashi kamar nonon da ya tsinke. Ita ce ke can sama inda sanyi bai kai sosai. Firji ya mutu da dare, rana ta fito ta gasa motar kafin batir ya farfaɗo, kwana da kwanaki haka. Mun kalli juna ni da Habi. Ta nannaɗe kwalbar a tsumma ta sa a ƙasan kwando.

Saura biyu da ragowar ta tukunya, ita ma ragowar ban yarda da ita ba. Yarinyar ta shanye butar ruwa biyu kafin azahar, tana ta zirga-zirga bayan gida, in ta ga ina kallo sai ta yi kamar tana neman wani abu. Leɓenta ya bushe. Ta gaji kunyarmu sarai, ba za ta ce ba ta da lafiya ba.

Tsoro nake ji. Ban ji irinsa ba ko a hanyar nan da ba na son rubutawa.

Asabar, da safe

Na cire soket ɗin duka na ce wa mutane batir ya mutu.

Lahadi, bayan magariba

Ƙarya fure take. Ɗan koren ƙwan da ke jikin firji ya tona ni, Jabir ya hango shi ta taga. Bai shigo ba, a bakin titi ya tsaya inda kowa zai ji. "Batir ya mutu amma hirji na da rai. Baƙo ya zo garinmu, ruwan sanyi nai ya hi mutanenmu." Na fito da sifana a hannu ban san na riƙe ta ba, Ɗanmusa ya tare ni ya ce in koma.

Wannan bai ci raina kamar na Lubna ba. Sun kira ta yau da rana. Tana soro, ta ji muryar mijinta, ya fara gaya mata abin da za a yi, wayar ta mutu. Ba ta zo ta zage ni ba. Ta biyo ta ƙofar gareji ne kawai ta gaida Habi, ta wuce. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Gaba kura baya siyaki. In na ba su wuta na kashe tawa, in na hana su na kashe nasu.

Talata, da hantsi

Batiran Ɗanmusa sun gaji. Ko babu waya ko ɗaya ba su kai tsakar dare. Na tsotse su har ƙasa sau da yawa, sun daina riƙewa. Na auna, na sake aunawa, kamar mita za ta ji tausayina ta canza magana.

Yau yarinyar ta kasa tashi sallar asuba a tsaye. A zaune ta yi.

Habi ta same ni ina goge kawunan da ba su buƙatar guga. Shekara ashirin muna tare, ba ta taɓa yi mini maganar yarinyar kai tsaye ba. Ta ce, "Malam, da Yaya na nan da ta yi magana." Na ce Yaya ba ta nan. Ta ce, "To wa ya rage?" Ta ɗauki tukunya ta fita, ba ta jira amsa ba.

Ɗanmusa ya ce shi zai faɗa musu in na ƙi. Na yi tunani. Kowa ya san tsakanina da shi wasa ne, za su ce taubashi na rufa wa baƙonsa asiri. Kuma bakin da ya ce ruwa ne shi ya kamata ya warware. Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Maliki." Na ce na ji. Ya ce ji ba yi ba ne. Na ce in bai tashi daga kaina ba za ni haɗa masa waya a kunne.

Laraba, bayan la'asar

Na yi.

Da liman ya sallame, kafin a fara neman takalma, na miƙe na ce ina da magana. Masallacin cike yake, don yanzu ba mai zuwa gona ko kasuwa. Baffa Ibrahima na sahun gaba da carbinsa. Na dafa ginshiƙi.

Na ce, "Jama'a, na yi muku ƙarya. Ba ruwa na cikin hirjin ga ba, magani na. In ya yi zahi ya lalace, in ya lalace mai shi ba ta kai wata." Wani daga baya ya ce, "Wa am mai shi?" Na so in ce 'yar Yaya, har ya zo bakina. Amma 'yar Yaya ba ta hana mutum ba maƙwabci wuta, kowa na da 'yar yaya. Sai na ce, "Ɗiyata ta. Ta hwari." Kuma na faɗi sunan. Da ƙarfi na faɗe shi, har ya dawo mini daga bango.

Na ce ina son ta, ba ni son ta mutu. Wannan ma na faɗa, a gaban dattawa, a gaban yara.

Baffa Ibrahima ya ja bakin rawaninsa ya rufe baki, ya sunkuyar da kai. Wasu dattawan suka hau kallon tabarma. Na fito ban tsaya neman takalmina ba, Ɗanmusa ne ya biyo ni da su a hannu. Duk hanya bai tsokane ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara.

Ban san me na yi ba. Ko na zubar da mutuncin gidanmu ne a banza.

Alhamis, da hantsi

Ina alwala aka buga ƙofar gareji. Jabir ne, da batirin babur ɗaya a kowane hannu. Bai gaishe ni ba. Ya dire su ya ce, "An hana hawan babura, suna zaure suna tsatsa. Waɗanga na iya wani abu?" Na ce guda biyu ba su iyawa. Ya ce, "Wa yac ce ma biyu na?"

Na leƙa titi. Mutane ne jere kamar kwanakin caji, amma ba waya a hannunsu. Kowa da ɗan batirinsa, wani a leda, wani a hula, wata tsohuwa ta ɗauro nata a ka cikin ƙwarya. Ashe Jabir ya bi gida-gida da sifana tun jiya bayan magariba, duk wanda ya taɓa sayen kaya a shagonsa ya san inda babur ɗinsa yake. Lubna ta kawo na babur ɗin Nasiruddeen. Na ce wannan kam ta mayar. Ta ce, "In ya dawo sai ya zo ya amsa da kainai."

Na ƙarshe Baffa Ibrahima ne. Bai dube ni ba. Ya ajiye na jikansa ya ce wa bango, "Innarka ma da ta ga wanga zamani da ta yi magana." Ya juya ya tafi yana dogara sanda.

Na shiga bayan motar Ɗanmusa na daɗe. Ƙura ce ta shigar mini ido, in wani ya tambaya.

Juma'a, da yamma

Kwana biyu ina durƙushe. Ƙananan batura ba a tara su haka kawai, mai ƙarfi zai yi ta zuba wa maras ƙarfi har su ɗau zafi. Sai da na auna kowanne, na ware matattu gefe, na ciyar da sauran kashi-kashi daga sola har suka yi kai ɗaya. Allah Ya taimaka hadari ya yaye, rana ta fito tas. A tsakani firji na lallaɓawa da tsofaffin, kwalaben kuma Habi ta naɗe su a jiƙaƙƙen zane.

Na shimfiɗa katako a ƙarƙashin benci da ƙarƙashin gado. Na feɗe manyan wayoyi biyu na motar kaya na miƙe su kamar kunya biyu a gona, ɗaya ja ɗaya baƙi, kowane batir ya miƙa hannu ya kama nasa. Kowanne da fis ɗinsa, Jabir ya kwaso mini su daga shago, in ɗaya ya yi gardama ya mutu shi kaɗai. Ɗanmusa ya leƙo ya ce, "Kunkuru ya yi ƙwai." Na ce ya zo ya kwanta a kai su ƙyanƙyashe.

Maganar waya kuma liman ya warware ta. Akwai sola a rufin masallaci da ke ba lasifika wuta, ya ce in kwance lasifikar in mayar da soket ɗina can, da batiran Ɗanmusa, tun da da rana suna iya ɗan abin da suke iyawa. Ladan Hamza ya ce shi dama muryarsa ta girmi lasifika. Ya kira la'asar daga kan katanga, tsakani da Allah har garejin nan mun ji, sai dai ya yi tari a tsakiya.

An buɗe sabuwar kwalba, lafiya lau take. Ta yi allura. Ta ci tuwo ta nemi ƙari.

Lahadi, da asuba

Ya kwana yana gurnani, kwana biyu a jere. Na sa hannu ciki har yatsuna suka yi sanyi, na sake sawa.

Litinin, bayan azahar

Lubna ta samu ta yi magana da su har ƙarshe. Ba ta faɗi abin da aka ce ba, amma ta aiko mana da ƙosai. Ana kuma raɗe-raɗin za a yi wa motoci rakiya zuwa Isa cikin makon nan. Ɗanmusa ya ce in an tafi zai bi, ya nemi Abdulgani. Ba na son in sa rai da yawa, amma na sa.

Talata, da hantsi

Kayan mutane amana ne, ranar da aka bar babura su hau titi kowa zai zo neman nasa. Saboda haka na sayo farin tef, na zauna a ƙasan mota ina yanka ina rubuta sunan mai kowane batir ina mannawa. Jabir. Nasiruddeen. Jikan Baffa. Hamza ladan, ashe shi ma da nasa a ciki. Yarinyar ce ke riƙe tef ɗin tana miƙo mini, ita ke tuna mini wane na wane, don ta fi ni riƙewa. Leɓenta ya dawo daidai.

Da muka gama ta ƙi sakin tef ɗin. Tana kallon ƙasa ta ce, "Baba, an ce ka yi magana masallaci."

Na ce mutanen garin nan surutu gare su.

Ta ce, "An ce ka hwaɗi sunana."

Na ce ta miƙo mini filaya. Ba ta miƙo ba. Habi na waje tana wanke-wanke, na ji ƙarar kwanuka ta tsaya.

Ta ce, "Kowa ya ji, ni ban ji ba." Sai ta dubi jerin baturan, ta ce, "Ga shi kowane abu cikin motag ga da sunan mai shi. Hirji na kaɗai ba a san mai shi ba."

Na so in yi mata tsawa, wallahi na so. Na ɗaga kai na ga ta yanko tef ta riga ta manna a ƙofar firji, fari fes, ta riƙo mini biro. Na karɓa. Na rubuta, harafin farko ya karkace. Da na gama ta ce ba ta iya karanta rubutuna, in karanta mata. Ƙarya take, ta fi ni boko. Na karanta mata, a hankali, ina kallon firji.

Ta ce, "Na'am, Baba." Ta ɗauki filaya ta sa mini a hannu, ta fita wurin uwarta da sauri. A waje na ji Habi ta fyace hanci, kwanuka suka ci gaba.

Firji na gurnani. Saura kwalba guda ba a buɗe ba, tana cikin sanyi.

Zahra'u ta yi allura.